Kwandon Gwaggo Lariba da Kyanwoyin Kurmi

Tun ranar da aka koma makaranta ba ku bar ni na huta ba. Fulera ta tare ni a bakin rijiya, Zuwera ta tare ni a layin koko, kowa tambayarta ɗaya: yaya Bawku, kuma me ya yakushe ni a hannu haka. Kun san halina. In mutum uku suka zuba mini ido, sai maganar ta maƙale a wuya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ku karanta bi da bi, kada kuma wata ta ɗiga masa man ƙosai.

Asalin tafiyar saƙo ne. Kakata ta wajen uba tana zaune a wani ƙauye gaba da Bawku, kusa da Pusiga, inda marigayi kakanmu Malam Garba ya kafa gida lokacin yana fataucin goro. 'Ya'yanta duk sun dawo Salaga, ita ta ce ba inda za ta, ga kabarin mijinta a bayan rumbu. Wata rana da la'asar wani direban motar albasa ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce tsohuwa ta ce a gaya wa Lariba ta zo ta kwashe kyanwoyinta kafin a yanke gero, in ba haka ba, za a tashe ta daga gidan.

Gwaggo Lariba ƙanwar Babana ce, mai sayar da doya a tasha. Ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, har ranar da ba ta da gaskiya. Tun ina ƙarama ta kai wa Kaka 'yan kyanwa biyu daga nan Salaga, saboda ɓera ya addabi rumbunta.

"Kyanwa biyu ne za su tashi gida?" in ji Gwaggo. "Mma dai ta yi kewata, ta rasa abin faɗa."

Baba ya ce ko ma mene ne, a je a gani, kuma a tafi da ni tunda ana dogon hutu. Gwaggo ta ɗauko wani ɗan kwando mai murfi, ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta miƙo mini.

"Hajiya Shiru, ga aikinki. Ki riƙe shi har mu je. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, mu dawo."

Motar doya muka shiga zuwa Yendi. Wanda bai taɓa zama a kan doya ba kada ya ce ya san wahala, domin duk inda ka gyara, wata tana jiranka da kai. An yi ruwa, hanya ta jiƙe. Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa ta leƙa kwandona, ta ga ba komai, ta ce in ajiye mata ƙwai. Ban iya cewa a'a ba. Wani mutum ya sa takalmansa na salla don kada su ɓaci. Wata mai goyo ta cusa ƙullin busasshen kifi. Kafin mu isa Bimbila na zama ma'ajin mota, kowa ya sauka sai ya zo ya karɓi kayansa ba ko sannu. Gaba kaɗan muka kafe a taɓo, maza suka sauka turi, Gwaggo ta tsaya a kan doya tana ba su umarni, har direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, ko ki zo ki karɓi sitiyarin?" Ta ce da ta karɓa tun safe da yanzu ana sallar azahar a Yendi.

A Yendi muka kwana gidan Afa Yakubu. Afa shi ne malam a bakin Dagomba. Matarsa Mma Sanatu abokiyar cinikin Gwaggo ce. Abin da ya fara kama ni a can gaisuwa ce. Mu nan a ɗan rusuna a ce ina wuni a wuce. Su kuwa sai ka tsuguna sosai, babba yana jero tambaya, kai kana amsa "naa" kawai. Ya tambayi hanya, naa. Ya tambayi sanyi, naa. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, naa. Ni ga kunya, na sunkuyar da kai ina ta naa, ban san tsohuwar da nake gaidawa ta tashi ta shiga ɗaki ba. Ashe muryar da nake amsawa ta wata ce da ke cinikin itace a ƙofar gida. Sai da Mma Sanatu ta ɗago ni tana dariya, ƙafata ta mutu har gwiwa.

Ta ba mu tubani da man gyaɗa da yaji, da tuwo mai laushi wanda in ka yi sanyin hannu sai ya zube tsakanin yatsu. Da safe Afa ya kira mu zaure ya buɗe gafakarsa ya nuna mana littattafansa, gefensu duk a gaigaye.

"Ɓeran gidan nan ya fi ɗalibaina naci," in ji shi. "Ya sauke wannan daga bango zuwa bango, yanzu ya shiga na biyu."

"Afa, kwantar da hankalinka," in ji Gwaggo. "Kyanwa biyu zan ɗauko. Ɗaya taka ce."

Daga Yendi muka bi ta Gushegu. Abin da ba zan manta ba shi ne gangaren Nakpanduri. Hanya tana tafiya lafiya, sai kawai ƙasa ta ƙare, ka hango gonaki can ƙasa kamar tabarmi. Direba ya tsaya ya juyo ya ce duk mai addu'a ya fara. Wani malami ya ciro tasbaha, wata mata ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, wani tsoho ya zuba ɗan ruwa ƙasa ta taga yana magana a hankali. Ni na rungume kwando na rufe ido. Na lura Gwaggo ba ta ba kowa umarni ba har muka sauka.

Kusa da Garu akwai shingen sojoji, saboda masu satar shigo da sabulu da atamfa daga Togo. Wani soja mai wushirya ya ce in buɗe kwando. Na buɗe. Ya leƙa, ya shinshina, ya ɗaga tsumman, ya ƙwanƙwasa gindin.

"Daga Salaga har nan, kwando ba komai?"

"Na ɗaukar kyanwa ne, ofisa," in ji Gwaggo.

"Kyanwa." Ya gyaɗa kai. "Na ga dabaru iri-iri a shingen nan, Hajiya. Ta nan za ku dawo, ko? To, ina nan."

Bawku gari ne na jakuna da amalanke, ko'ina warin albasa. Kusasi da Mosi da Busanga da Mamprusi, kowa da yarensa, amma in ciniki ya haɗa su sai Hausa. Hausar kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, sau da yawa aka ce da ni "yaro, matsa". Na ga mata a kan keke da goyo a baya da tulu a ka, ba wanda ya ko waiwaya. A tasha muka ci soyayyen zabo, Gwaggo ta ce bai kai na Salaga ba, ta kuma cinye har ƙashi. Daga nan muka shiga motar Pusiga, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gero da ya fi mu tsayi.

Gidan Kaka ɗakuna ne zagayayyu masu rufin ciyawa, ƙofarsu gajera, sai ka sunkuya. Ita ma gajera ce, bakinta ja da goro. Ta rungume ni ta ce na yi tsawo kamar karan dawa ba amfani. Ina cikin hannunta na ɗaga ido. Kyanwa a kan katanga. Kyanwa a kan rumbu. Biyu a cikin turmi. Wasu a ƙarƙashin gadon kara, sai idanu. Baƙa, fara, mai ruwan toka, mai zane kamar atamfa. Gwaggo ta ɗaga yatsa ta fara ƙirgawa, wata ta tashi, wasu suka shigo, ta sauke yatsan.

"Mma, waɗannan na wa ne?"

"Naki."

"Biyu na kawo."

"Mace da namiji kika kawo."

"Wanda ya ba ni ya rantse duk maza ne. Ni ma na duba."

"To ɗayan namijin ya yi ƙoƙari," in ji Kaka. Ta dubi kwandon da ke hannuna. "Wannan na goro ne?"

Washegari mai ƙasa ya zo. Kusasi suna ce masa tindana. Tsoho ne dogo mai jakar fata a kafaɗa, sunansa Awini, kuma mahaifinsa ne ya ba Malam Garba filin gidan nan. Bayan gonar Kaka akwai wani kurmi mai duhu da yake kula da shi. Ba a saran itace a ciki, ba a farauta, ba a ko jifa. Duk abin da ya shiga ciki ya shiga amana. Ya zauna a kan kututture, Kaka ta ba shi goro, suka daɗe suna gaisawa kafin ya dubi Gwaggo.

"Ke ce mai baƙin?"

"Haka ake cewa."

"Da, fakara ke tashin ƙauyen nan da asuba," in ji shi. "Kurege yana tsallake hanya har ya ba ka haushi. Kurciya, 'ya'yan zabin daji, ƙadangaru. Yanzu in na shiga kurmin sai in ji kamar gidan da aka yi rasuwa. Baƙin nan naki ko ci ba sa yi duka. Su kashe su ajiye."

"A sa karnuka mana," in ji Gwaggo.

Kaka ta ce ba za a kashe kyanwa a ƙofarta ba, ba za ta je lahira da wannan ba. Kuma kyautar ɗiya ba a korarta, wanda ya kawo shi ke ɗauka.

"Ko ta yarda ma," in ji mai ƙasa, "da sun ji kare sai su faɗa kurmi. In sun shiga, ni kaina ba ni da ikon taɓa su. Sun gane dokar. Sun fi 'ya'yana kiyaye ta."

Na so in yi dariya, sai na ga ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da sanda. Ya ce dattawa sun zauna. Fakarun da suka rage za su yi ƙwai in an fara yankan gero. In kyanwoyin suna nan har lokacin, to tunda daga gidan nan suke fitowa, sai a nema wa matar Malam wani fili a bakin hanya. Ya ce shi bai so ba, shi da Malam sun ci abinci a ƙwarya ɗaya. Kaka ta dubi wajen rumbu.

Ran nan Gwaggo ta ɗaura ɗamara. Aka aro akurkin zabi daga maƙwabta, aka tokare bakin kowanne da ɗan itace mai igiya, aka sa busasshen kifi a ciki, muka laɓe. Kyanwoyin suka zo suka shinshina kifin, suka kwanta a gefen akurkin suna hamma. Abin da muka kama ranar kazar Kaka ce. Kashegari muka sake kama ta, da ɗan akuyar maƙwabta. Gwaggo ta koma bin su da zane a buɗe kamar mai kamun fara. Su yi ta gudu a gabanta ba sauri, da sun taka bakin kurmi sai su juyo su zauna a jere suna wanke fuska. Wata rana ta cire takalmi za ta yi jifa, Kaka ta riƙe hannunta.

"Ki jefa, mu tashi yau ba sai an yanke gero ba."

Kwanaki suna tafiya, kan gero yana sunkuyawa. Da yamma sai ka ji ana wasa lauje a gidajen maƙwabta. Gwaggo ta rage surutu, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ni dai ina kallo. Kyanwar da ke kwana a daji ban taɓa ganin ta ƙi kifi ba, waɗannan kuwa gashinsu har sheƙi yake. Kuma kullum Kaka tana dama fura cikin babbar ƙwarya da yamma, mu sha kaɗan, amma da safe sai in tarar da ƙwaryar a wanke a kife. Wata asuba bayan salla na ga ta fita da ita a ƙarƙashin mayafi, sai na bi ta a hankali. Ta zagaya bayan rumbu, ta zauna kusa da kabarin Malam, ta juye furar a wasu fasassun tukwane, ta fara kankare gindin ƙwaryar da ludayi, ƙwar, ƙwar, ƙwar. Sai ga su suna fitowa daga kurmi a jere cikin raɓa, wutsiya a sama. Tana kiran kowace da suna. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce mai yagaggen kunne, ita ce 'Yar Salaga, uwar gayya. Mijin 'Yar Salaga, wani ƙaton tsohon muzuru da Kaka ke kira Ɗan Gonja, shi a cinyar Kaka ma ya hau.

Wuni guda na yi da maganar a bakina. Da la'asar Gwaggo ta tafi neman ƙarin igiya, Kaka ta ba ni allura in zura mata zare. Na zura, na miƙa, na ce da ƙasa, ba da ita ba, "Kaka, na ga ƙwarya."

Ta dube ni. "Ashe Hajiya Shiru ido gare ta. Kin gaya wa Lariba?"

"A'a."

"Na sani. Da kin gaya mata, da mutanen Togo sun ji." Ta soka allurar a zane. "Tun da Malam ya rasu, in na yi magana da safe su ke amsa mini. Kuma abin da ya kwana a gidana bai taɓa tashi da yunwa ba, mutum ko dabba. Na ce in na ƙosar da su za su bar tsuntsayen mutane. Ba su bari ba."

"In kika kankare ƙwaryar a cikin ɗaki, za su shiga."

"Za su shiga. Don sun yarda da ni za su shiga. Kina so in kira su da hannuna in rufe musu ƙofa?"

Na ce, "In aka mai da ke bakin hanya, wa zai riƙa share wajen Malam?"

Ta yi ta ɗinki har ta kai ƙarshen zanen, ta ciji zaren. Sannan ta ce, "Gobe ke za ki riƙe ƙofa. Lariba ta yi nisa, numfashinta ma hayaniya ne."

Da asuba Kaka ta shiga babban ɗaki ta zauna a ƙurya da tukwanen, ni na maƙale a bayan ƙyaure. Ta fara kankarewa. Suka zo bakin ƙofa suka tsaya, don ba nan aka saba ba. Ta kira su da suna. Ɗan Gonja ya fara shiga, sauran suka bi, ina jin gashinsu yana shafar ƙafata. 'Yar Salaga ta tsaya a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ta ɗago ta dube ni. Wallahi ta san ina nan. Kaka ta ce, "Shigo, 'yar gari, ba ke kaɗai ba ce baƙuwa." Ta shiga. Kaka ta lallaɓo ta fito, na ja ƙyauren.

Abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayarku game da hannuna. Gwaggo da matan gidan mai ƙasa suka shiga da buhuna, ni ina miƙa akurki. Ɗaki ya kaure. Wata ta hau bango ta bi rufi, wata ta shige cikin zanen Gwaggo, na ji Gwaggo tana salati da Hausa tana zagi da yaren Gonja. Kaka tana zaune a kan turmi, ta ba ɗakin baya, ta toshe kunnuwa da mayafi. Da rana ta ɗaga, akurkai suna jere a inuwa suna kuka, kowa yana shafa man kaɗe a inda aka yage shi.

Akwai likitan dabbobi a Pusiga mai duba shanun da ke tsallako iyaka. Aka kai masa muzuran ya fiɗiye su. Ya ce tun da ya fara aiki bijimai da raguna yake yi, bai taɓa jin tsoron abin da bai kai zakara nauyi ba sai yau. Matan kyanwoyin kuwa aka yanke shawara a raba su nesa da kurmi, gida ɗaya kyanwa ɗaya, a cikin gari inda ɓera ke da yawa.

Haka na ga iyaka. Ranar kasuwar Sankasi, garin da ke bakin iyakar Togo, muka je da akurkai a amalanken jaki. Na zaci zan ga katanga, sai na ga sanda a gicciye da tuta, mutane suna zagaye ta ta cikin gona. Can burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi, kuma jami'ansu da Faransanci suke faɗa. Masu rumbunan hatsi suka yi ta karɓa. Gwaggo tana tallar kowace kamar doya, wai wannan jikar mafarauta ce daga Salaga. Wata 'yar Togo ta sa tata a kwano ta rufe da zane ta tsallaka, ba wanda ya tambaye ta takarda. Masu albasa da gero na Bawku suka kwashi saura.

Kaka ba ta roƙi komai ba. Mai ƙasa ne da kansa ya zo ana gobe za mu tafi, ranar da aka fara sa lauje a gero. Ya ce ya zaga kurmi, ya ga sheƙar fakara a gindin ciyawa da ƙwai a ciki, ba abin da ya taɓa su. Ya buɗe jakar fatarsa ya ciro 'yar ƙararrawa irin ta wuyan ɗan akuya.

"Tsohon nan, Ɗan Gonja, ya zauna," in ji shi. "Likita ya gama da shi, haƙoransa ma sun ƙare. Amma a ɗaura masa wannan. Malam da ya zo ƙasar nan sallama ya yi. Shi ma in zai shiga kurmi ya riƙa yin sallama."

Kaka ta karɓa tana juya ta a hannu. Ya miƙe, ya ɗaga kai ya dubi rufin babban ɗakin inda kyanwa ta yi ɓarna.

"Matar Malam, rufin nan zai yi yoyo. Bayan girbi zan turo a sake miki sabo."

Sai da ya fita Kaka ta zauna, ta ce in kawo mata ruwa. Ta sha rabi, ta wanke fuska da sauran.

A dawowa muna da akurki ɗaya rufe da buhu, da ɗan kwandona. Sojan nan mai wushirya yana shingensa. Da ya hango Gwaggo sai ya yi murmushi.

"Hajiya mai kyanwa. Me ke cikin wannan?"

"Abin da na gaya maka, ofisa."

"Atamfa yadi nawa?"

"Kada ka sa hannu."

Ya sa. Ba zan faɗi abin da ya ce ba, don da Turanci ne kuma ba irin na makaranta ba. 'Yar Salaga ce ya tarar. Ya ɗaga mana shinge da hannun hagu. Gwaggo ta miƙa masa ɗan man kaɗe ta taga, ta ce mu ma da shi muka yi magani.

A Yendi Afa Yakubu ya karɓi 'Yar Salaga, ya ce tsohuwa ta fi dacewa da ɗakin karatu. Sauran muzuran da likita ya gama da su, da muka taho da su a akurkin, maƙwabtan Afa suka raba. Wannan karon na gaida kowa da kaina a ɗage, ina kallon wanda nake ce wa naa.

Saura ɗan kwandona. A ciki akwai wata 'yar baƙa mai farin wuya. Ranar kamu ta shige kwandon da kanta saboda ƙamshin kifin mai goyon nan ta motar doya, ba wanda ya lura sai bayan an dawo daga wajen likita. Gwaggo ta ɗaga ta ta duba, ta ce namiji ne, kuma ƙarami ne, ba sai an koma ba, a bar mini. Haka muka shigo Salaga da ita a cinyata a kan buhunan albasa, wanda ya fi doya daɗin zama nesa ba kusa ba.

Direban motar albasar nan ya sake zuwa makon jiya. Ya ce Kaka ta ce a gaya wa Hajiya Shiru fakara ta tashe ta da asuba, ta hana ta barcin safe, kuma Ɗan Gonja yana yawo yana ƙara kamar mai tallar alewa, ko ƙadangare bai ƙara kamawa ba.

Namijin Gwaggo kuwa ya daina hawa katanga. Ya koma kwana a akwatin kayana, cikinsa yana faɗi ta gefe da gefe. Baba ya dube shi jiya ya dubi Gwaggo, ta ce ƙoshi ne, ita ta duba da idonta. Ni na fita na tsaya ina kallon kurciyoyin da ke sauka shan ruwa a bakin rijiyarmu.

Don haka Fulera, Zuwera, da duk wadda takardar nan ta biyo ta hannunta, tunda kun matsa sai kun ji labari, kowace ta je ta tambayi mamarta tun yanzu. Ɗaya-ɗaya zan ba ku, ba biyu ba, kowace ta nemo ƙararrawa. Kuma ba Gwaggo ce za ta duba muku ba.